Amsoshin Tambayoyinku: Me lambar P0455 ke nufi?

Wani mai sauraronmu daga Madarunfa ya ce fitilar inji ta kunnu, na'urar bakanike ta nuna masa P0455, alhali mota tana tafiya lafiya lau. To Malam, injinka bai lalace ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna tara tururin fetur a wata ƴar tukunya mai gawayi, su mayar da shi inji ya ƙone. Lambar tana cewa tururin yana samun babbar kafa yana fita, kuma sau da yawa murfin tanki ne: robarsa ta tsage saboda zafi da ƙura, ko ba a ɗaure shi ba bayan an zuba mai da kwalba a bakin hanya.

Wasu za su ce tunda mota na tafiya, a bar ta. Ba mu yarda ba. Fitilar ɗaya ce. Idan ta zauna a kunne, ranar da babbar matsala ta zo ba za ka gane ba. Cika tanki har baki ma yana jiƙa gawayin, a guji hakan. Ka fara da sabon murfi kafin kowa ya kwance maka komai.