Darasi: Yadda Ake Gane Yoyon Man Giya a Tsohuwar Mota Lokacin Bazara



Bazara ta shigo. A watannin Maris da Afrilu zafi a Garwa da Marwa yakan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne tsofaffin motoci suka fi mutuwa a hanya. Irin waɗannan motoci muke shiga zuwa asibiti, kasuwa ko ziyarar dangi. Wasu a cikinmu direbobi ne ko yaran mota tun suna Gwoza, Bama ko Banki, kuma da motar suke ciyar da iyali.

A bara na shiga wata tsohuwar mota daga Marwa zuwa Garwa, tafiyar da ta haura kilomita 200. Bayan mun wuce Figil sai injin ya riƙa kuka, motar kuma ta ƙi ja, daga nan ta tsaya cik. Awa huɗu muka yi a gindin bishiya, da mai jego a cikinmu, ruwan sha ya ƙare. Da bakanike ya zo ya ce man giya ne ya tsiyaye. Direban da bakinsa ya ce kwana uku yana ganin jan ɗigo a inda yake ajiye motar. Wannan darasi a kan wannan ɗigo yake.

1. Aikin man giya

Giya iri biyu ce. Akwai ta hannu, mai kuloci, akwai otomatik mai canja kanta. A giyar hannu, man yana hana ƙarafa cin juna. A otomatik aikinsa uku ne: yana sa santsi, yana sanyaya giya, kuma shi ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyi. Shi ya sa idan ya ragu injin zai yi ta kuka amma motar ba ta gaba.

Zafi yana tsinka mai ya zama ruwa-ruwa. Robobin da ke toshe mahaɗar ƙarafa, waɗanda kanikawa ke kira sil, suna bushewa su tsattsage idan sun tsufa. Tsagar da ba ta yoyo lokacin hunturu sai ta fara a bazara, musamman idan an yi wa mota lodi ana hawan duwatsun wajen Mokolo.

2. Gwajin kwali

Da yamma a ajiye mota a wuri mai daidai, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta. Da safe a duba kalar ɗigon da warinsa:

Ja kamar zoɓo, ko ja mai duhu: man giyar otomatik ne. Sai dai wasu motoci, kamar Toyota da yawa, irin wannan jan mai suke sha a sitiyari, don haka a lura daga inda ya sauko.

Mai kauri, kalar zuma, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai: man giyar hannu ne.

Baƙi, daga ƙarƙashin injin: baƙin mai ne.

Kore ko ruwan hoda, marar kauri: ruwan lagireto ne.

Fari ko rawaya-rawaya mai santsi kusa da taya: yana iya zama man birki. Kada motar ta motsa sai bakanike ya gani.

3. Auna yawan man

A otomatik: a yi tafiyar kamar minti 15 don man ya ɗumama. A tsaya a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a bar injin yana aiki. A taka birki, a zagaya da giya kowane matsayi, a mayar da ita P. A zaro gejin man giya, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin layuka biyun da ke wajen rubutun HOT. Motocin Honda ana auna su bayan an kashe injin. Idan an yi doguwar tafiya cikin rana, a jira rabin awa tukuna, domin mai yana kumbura da zafi, geji ya nuna fiye da abin da ke ciki.

A shinshina man da ke jikin gejin. Idan ya yi baƙi yana warin ƙauri, giya ta riga ta sha zafi. Ƙari kawai ba zai gyara ta ba.

A giyar hannu yawanci babu geji. Akwai noti a gefen akwatin giya. A kashe injin, a bari ya huce, a kwance notin, a sa yatsa. Man ya kai bakin ramin. Kada a kwance notin ƙasa bisa kuskure, shi na zubar da mai ne.

4. Neman inda yake fita

Inda ɗigo ya faɗi ba lallai nan ne ramin yake ba, saboda iska tana kora mai baya idan ana gudu. A wanke jikin giya, a bari ya bushe, a barbaɗa masa toka mai laushi da ta huce. A yi gajeriyar tafiya, a dawo a duba. Wurin da tokar ta jiƙe mafi sama kuma mafi gaba, nan ne tushen yoyon. Wuraren da aka fi samu su ne:

Bakin kaskon da ke ƙasan giya, ko notinsa. Gyaransa da sauƙi.

Bututu biyu da ke kai man otomatik lagireto don ya huce. Wannan ba ya ɗiga sosai idan mota na tsaye, amma tana tashi sai ya yi feshi.

Inda farfela ko sandunan juya tayoyin gaba suke shiga giya.

Mahaɗar injin da giya. Wannan sai an sauke giya, aikin gareji ne.

Ƙaramar ƙofar iska da ke saman giya. Idan daga nan mai ke fita, ko dai an cika shi ya wuce layi, ko giya ta yi zafi fiye da kima.

Idan mai na raguwa amma kwali a bushe yake, a jira injin ya huce sarai, sannan a buɗe lagireto. In ruwan ya zama kamar madara mai ruwan hoda, mai da ruwa sun haɗu a ciki. Kada a tuƙa motar, domin ruwa yana kashe giyar otomatik.

5. Abubuwan kiyayewa

Kada a zuba baƙin mai ko man birki a giyar otomatik. A sa irin wanda aka rubuta a jikin geji ko littafin motar, misali Dexron. A ƙara kaɗan-kaɗan ana aunawa, domin idan ya yi yawa yana kumfa ya fito.

Kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

Idan mai na zuba kan salansa yana hayaƙi, a tsaya, a sauke fasinjoji, wuta na iya tashi.

Kada a ja otomatik da igiya tafiya mai nisa alhali tayoyin da giya ke juyawa suna ƙasa.

Iyaye mata, a kula: jan man giya yana kama da zoɓo. Kada a ajiye shi a gorar lemo inda yara za su kai hannu. Tsohon mai kuma kada a zubar kusa da rijiya ko famfo.

6. Ga fasinja

Ba sai kana bakanike ba. Kafin ka biya kuɗin mota a tasha, sunkuya ka leƙa ƙarƙashinta. Idan ka ga sabon jan ɗigo, tambayi direba cikin mutunci, ko ka jira wata motar. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi. A hanya, idan ka ji injin na kuka mota ba ta ƙara gudu, ko tana jinkirin ɗaukar giya, ko warin ƙauri, ka yi magana. A yi sammako, a ɗauki ruwan sha isasshe, a riƙe takardun shaida a jiki, kuma a gaya wa na gida inda aka nufa, don kada dare ya riski iyali a daji ba wanda ya sani.

Direbobi kuma, ku sa kwalin nan yau da dare. Sil guda da litar mai sun fi sauƙi a kan sayen wata giyar.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kiyaye hanya.