DARASIN SANA'A: GYARAN GIYAR MOTA DA SAUYA TA A GIDA

A unguwar Kakuri, kudu da kogin Kaduna, aka kafa masana'antar harhaɗa motocin Peugeot, waɗanda jama'a ke kira Fijo. Ta fara aiki a shekarar 1975. Daga nan ne motoci ƙirar 404 da 504 da 505 suka bazu cikin birane da ƙauyuka. An daina harhaɗa 504 a shekarar 2006, amma wasu tsofaffin na nan suna ɗaukar hatsi da fasinja ranar kasuwa. Kanikawa da dama a Kakuri da Makera da Sabon Tasha a kan waɗannan motoci suka koyi sana'a.

Tsohuwar mota ba ta rasa ciwo. Ciwon da ya fi cin kuɗi, bayan na inji, shi ne na giya. Idan giya ta lalace da kaka, amfanin gona sai ya kwana a gida, farashi ya wuce mai shi. Darasin wannan wata zai nuna yadda ake gane ciwon giya, da yadda ake sauya ta a motar da ake sa wa giya da hannu, mai ja da ƙafar baya, irin 504.

MENE NE AIKIN GIYA?

Inji yana juyawa da sauri ƙwarai. Akwatin giya shi ne ke karɓar wannan juyi, ya rage shi ko ya daidaita shi, sannan ya miƙa wa furofela, ita kuma ta kai wa tayoyin baya. Lamba ɗaya tana da ƙarfi amma ba gudu, don haka da ita ake tashi da hawan tudu. Lamba huɗu tana da gudu amma ba ta da ƙarfin tashi. Tsakanin inji da giya akwai kuloci. Shi ne ke raba su idan direba ya taka shi.

A FARA GANE CIWON

Ba kowace matsala ce ta giya ba. Mutane da yawa sun sayi giya alhali kuloci ne ya ƙare. Ga yadda ake bambantawa:

1. Idan an taka totur inji ya yi ƙara amma mota ba ta ja, farantin kuloci ne ya cinye.
2. Idan giya tana shiga lafiya lokacin da mota take kashe, amma ta ƙi shiga ko ta yi gurza bayan an tayar, a duba kuloci da mansa.
3. Idan sandar giya tana lilo, mai yiwuwa ƙarafan da suka haɗa ta da akwatin ne suka saki. Wannan ƙaramin gyara ne.
4. Idan lamba ɗaya tak ce take fita da kanta ana cikin tafiya, ko akwatin yana kuka, ko aka ga gutsattsarin ƙarfe cikin mai, to ciwon yana cikin akwatin.

Rashin mai shi ne babban makashin giya. A gefen akwatin akwai noti na zuba mai. Idan aka kwance shi mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, ya kamata mai ya kai bakin ramin. A zuba irin man da littafin motar ya ambata.

Farke cikin akwatin giya aikin ƙwararren bakanike ne. Akwai haƙora da boris da ƙananan zobba, kowanne da gurbinsa. Abin da za a iya yi a gida shi ne sauke akwatin a kai wa gwani, ko a ɗora wani.

WAJEN SAYE

Ana samun giya ta hannu a kasuwar Fanteka da ke tsallaken kogi, da wajen masu sayar da kayan mota a Kaduna. Mai saye ya tafi da tsohuwar giyarsa da kuma bakaniken da ya yarda da shi. A jera su biyun a gwada ramukan noti da tsawonsu. A juya sandar gaba da hannu, a sa kowace lamba har da ribas. A duba ko akwatin ya tsage. A yi sharaɗi gaban shaida cewa za a mayar idan ba ta yi ba, a kuma karɓi rasit. Wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci zai karanta rasit ɗinsa da kansa, ba mai yi masa rufa-ido.

RAI YA FI MOTA

Jak ɗaga mota kawai yake yi, ba ya riƙe ta. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya tokare. Kada a ɗora mota kan bulon siminti, domin yana fashewa ba zato. A yi amfani da ƙafafun ƙarfe na kanikawa ko gungumen icce mai ƙwari. Ƙasa ta zama busasshiya mai tauri. A sa waigi gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. A girgiza motar a tabbata ta zauna. A kori yara daga wurin. Aikin na mutum biyu ne ko uku, kuma a samu wanda ya taɓa yinsa a cikinsu.

YADDA AKE SAUKEWA

1. A bari inji ya huce, a cire kan batir.
2. A tsiyaye man giya cikin kwano.
3. A yi wa furofela alama da fenti, sannan a kwance ta.
4. A cire sandar giya, da wayar mita, da wayar fitilar ribas, da sitata, da abin tura kuloci. Idan salansa ta tare hanya a kwance ta.
5. A tokare inji da katako. A sa jak ƙarƙashin akwatin giya.
6. A kwance ƙarfen da ke riƙe da akwatin, da notocin da suka haɗa shi da inji. A tara notocin cikin gwangwani.
7. A ja akwatin baya a miƙe. Kada a bar shi ya rataya a kan sandarsa. Yana da nauyi, kada kowa ya tare shi da ƙirji.

YADDA AKE ƊORAWA

Tun da hanya ta buɗe, a duba farantin kuloci da boris ɗinsa. Idan sun cinye a sauya su yanzu, kada a yi aiki biyu. Farantin ya zauna daidai tsakiya, in ba haka ba sandar giya ba za ta shiga ba. A tura akwatin sannu a hankali har bakinsa ya haɗu da inji. Idan ya ƙi, a ɗan juya shi. Kada a jawo shi da ƙarfin noti, akwatin zai tsage. A mayar da komai gurbinsa, a bi alamar fentin furofela. A zuba mai kafin a tayar da mota. A gwada ta ba kaya, a saurara, a leƙa ko akwai yoyo.

Motoci masu ja da ƙafar gaba, irin Golf, da masu sauya giya da kansu, tsarinsu daban ne. Waɗannan a kai su gareji.

Tsohon mai guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a gona, kuma kada a shafa shi a kan miki. A rufe shi cikin galan a kai wa kanikawa.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara aiki?
2. Yaya ake gane cewa farantin kuloci ya cinye?
3. Don me aka hana ɗora mota kan bulo?
4. Kowane ɗalibi ya rubuta abubuwa uku da ake dubawa kafin a sayi giya ta hannu, ya nuna wa malamin ajinsa.