Mu Koyi Sauraron Kiɗa: Bugu, Rauji Da Amshi

Da yawanmu in an ce nazarin kiɗa sai mu tuna do, re, mi, sunayen da suka samo asali daga wani malamin ƙasar Italiya, Guido, a ƙarni na 11. Amma mu 'yan Zamfara ba sai mun je nesa ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka, kuma da irin kalmomin da ke ciki ake yi mana tambaya a darasin adabin Hausa.

Abu na farko shi ne bugu, wato yadda sauti ke faɗuwa daki-daki cikin lokaci. Shi ne abin da ƙafarka ke bi ba ka sani ba. Kada a haɗa shi da sauri: ana iya yin bugu iri ɗaya a gaggauce ko a natse, kamar yadda mata biyu ke luguden daka.

Na biyu shi ne rauji, hawa da saukar murya, kuma nan ne harshenmu ya fi ban sha'awa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Faɗi "baba" ka fara ƙasa ka hau sama, ka kira mahaifi. Fara sama ka sauko, ka kira uwa ko gwaggo. Riƙe muryar a sama, ka ambaci baban rini. Saboda haka mawaƙin Hausa ba ya jan murya yadda ya ga dama, sai ya kula kada rauji ya ɓata ma'ana. Wannan ne kuma sirrin kalangu. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka. Da haka kalangu ke kwaikwayon magana har mai take ya ji an kira shi ya miƙe.

Sai amo, abin da ke sa ka bambanta kayan kiɗa ko da idonka a rufe. Kotson Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da hannu ake kaɗa shi, haka ma taushin Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu. Shi kuwa kalangu da makaɗi ake dukansa, shi ya sa amonsa ya fi kaifi.

Turawa na ba da muhimmanci ga haɗa muryoyi mabambanta a lokaci guda. Makaɗan fadarmu sun fi gina waƙa a kan karɓa-karɓa. Akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai ɗiyan waƙa da jagora ke kawowa. Wani lokaci 'yan amshi su maimaita gindin kawai, wani lokaci jagora ya fara magana su ƙarasa masa. A ganina nan ake gane ƙungiyar da ta ƙware, domin in ɗan amshi ɗaya ya makara, kowa zai ji.

Ga aikin wannan mako. Nemi waƙar Sa'idu Faru guda ɗaya, ka saurara sau uku. Karon farko tafa bugun kawai. Na biyu rubuta gindin, ka ƙirga sau nawa aka koma masa. Na uku lura da inda 'yan amshi ke ƙarasa wa jagora magana. A miƙa amsa ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a, za mu liƙa mafi kyau a wannan allo.