Sauyin Yanayi da Littafin Zakka: Darasi ga Mai Bayarwa da Mai Rabawa

Godiya ta tabbata ga Allah da Yake saukar da ruwa bisa gwargwado, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da littafin zakka zai lura cewa sunaye kan yi ƙaura daga shafin masu bayarwa zuwa na masu karɓa. Manomin da ya saba fitar da zakkar gero da dawa, idan damina ta yi masa gardama shekara biyu a jere, ko ambaliya ta share gonarsa ana dab da girbi, sai a wayi gari yana cikin mabuƙata. Wannan ne ya sa darasinmu na bana ya karkata ga sauyin yanayi.

Musabbabinsa

Allah Ya lulluɓe duniya da iska mai riƙe wani kaso na zafin rana, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Ba domin haka ba, da sanyi ya hana rayuwa. Sai dai tun da aka shiga zamanin masana'antu, ɗan Adam yake ta ƙona kwal da man fetur da gas, hayaƙinsu yana ƙara wa bargon kauri. Kafin wancan zamani iskar kabon da ke sararin samaniya ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420. Sare dazuzzuka ya ƙara dagula lamarin, domin itatuwa ne suke zuƙe wannan iska. Sakamakon haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyos, kuma 2024 ta kere duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Kason Afirka a hayaƙin da ake fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Amma wannan bai wanke mu daga namu alhakin ba: sare itace domin gawayi, da cinna wa daji wuta, da toshe magudanun ruwa da shara, duk aikin hannunmu ne.

Wani zai ce fari da ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, babu abin da yake aukuwa sai da nufin Allah. Amma Shi ne Ya rataya abubuwa ga sabubbansu, kuma aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta ɓarnar tudu da teku ga aikin mutane. Imani da ƙaddara bai sauke wa mai ɓarna hisabi ba.

Illolinsa

Iska mai zafi takan busar da ƙasa da wuri, kuma takan ɗauki tururi mai yawa ta juye shi lokaci guda. Shi ya sa ake ganin jinkirin damina da tsayawarta a tsakiya, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan 1 da muhallansu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai sanadiyyar fari da janye ruwan kogunan da ke shayar da shi.

Fiƙihun zakka kansa yana bin ruwa. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ushuri ake fitarwa, wato ɗaya bisa goma. Wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi, rabin ushuri ne. Saboda haka duk manomin da fari ya tilasta wa sayen inji da mai, haƙƙin talaka a amfaninsa ya ragu da rabi. Idan hatsin bai kai nisabin wusuƙi 5 ba, zakka ta faɗi. Haka makiyayin da shanunsa suka gaza 30, ko tumaki da awakinsa suka gaza 40. Abin da ke shigowa yana raguwa daidai lokacin da masu buƙata suke ƙaruwa.

Abin koyi

Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tanadi hatsin shekaru bakwai na wadata domin bakwai na fari. A farin Shekarar Toka, 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nemi agajin abinci daga larduna, ya ciyar da jama'a a Madina. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya mayar da ita waƙafi ga Musulmi. A zamaninmu ma, manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin hektoci ta hanyar barin gawo da 'yan'uwansa su tsiro a gonaki. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya ba ƙasa taki ba tare da ya tare wa shuka rana ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Zakka tana da gidaje takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance, kuma galibi takan iso bayan masifa ta auku. Waƙafi kuwa ƙofarsa a buɗe take, yana iya riga masifa isowa. Don haka muna kira ga masu hali da su faɗaɗa waƙafinsu zuwa rijiyoyi masu aiki da hasken rana, da rumbunan tsimi, da irin shuka mai saurin nuna, da gandun itatuwa tare da albashin mai ban ruwa, domin dashen da ba a raina shi ba asarar dukiya ne. Manomin da aka taimaka ya tsira da amfaninsa bana, shi ne zai kawo zakka baɗi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya karɓi sadakar masu sadaka. Amin.