Direba, kafin ka sake ubangida ka yi lissafi

Jama'ar Arewa, babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta biyo ta Doso, Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, ta wuce Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Dare da rana manyan motoci suna bin ta. Wasu sun ɗauko albasar Galmi, wasu simintin Malbaza, wasu man fetur na matatar Damagaram wadda aka buɗe a 2011. Direbobi da yawa ƴaƴanmu ne, daga Matankari, Dan Kasari, Tibiri, Dumega da Gesheme. Darasinmu na yau domin su ne: in direba zai bar ubangida ya koma wurin wani, yaya zai yi ya samu albashi mai kyau?

1. Ka san abin da kake samu yanzu

Kuɗin direba ba albashin wata kaɗai ba ne. Akwai kuɗin guzuri na kowace tafiya, akwai kuɗin kwana in mota ta lalace a hanya, akwai kuɗin magani. Ka ɗauki takarda ka rubuta su duka.

Ga misali. Tsohon ubangida yana biyan jika 60 a wata. Kowace tafiya yana ba da jika 10, tafiya 4 a wata, jika 40 ke nan. An haɗa jika 100. Direba yana cin jika 5 kowace tafiya, watau jika 20 a wata. Abin da zai kai gida jika 80.

Sabon ubangida ya ce zai biya jika 80, amma babu kuɗin guzuri. In an fitar da jika 20 na abinci, saura jika 60. Kun gani? Albashi ya ƙaru da jika 20, amma cefanen gida ya ragu da jika 20. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

2. Ka san abin da doka ta ce

Dokar aiki ta ƙasarmu ita ce ta ranar 25 ga Satumba 2012. An tsai da mafi ƙarancin albashi jika 42 a wata. Wannan kuɗin mai farawa ne. Direban da ke da farmin babbar mota, ya yi shekaru a kan hanya, bai kamata ya tsaya nan ba.

Doka ta ba ma'aikaci hutu da albashinsa, kwana 2 da rabi a kan kowane watan aiki, watau kwana 30 a shekara. Kuma tilas ubangida ya rubuta sunan ma'aikacinsa a Kes, wadda ake kira CNSS. Ita ce ke biya in an yi hatsari wurin aiki, ita ce ke ba da kuɗin fansho in tsufa ya zo. Direban da ba shi da lambar Kes, ranar da mota ta faɗi da shi, iyalinsa ne za su ɗauki wahala.

3. Ka tambayi ƴan uwanka direbobi

Kafin ka tafi wurin sabon ubangida, ka zauna a tasha da waɗanda suke yi masa aiki. Nawa yake biya? Yana biya ƙarshen wata, ko sai an yi ta bin shi? In taya ta fashe, wa ke saye? Yana tilasta a yi lodin da ya fi ƙarfin mota? Ka je ka dubi motar da idonka, ka duba birki da tayoyi da takardunta. Gani ya kori ji.

4. Ranar magana

Ka tafi da farminka da takardar shaidar aiki. Ka gaida mutum da ladabi. Ka faɗi shekarun da ka yi, da hanyoyin da ka sani, da gyaran da ka iya da hannunka. Ka bari shi ya fara faɗin kuɗi. In ya faɗa, kada ka yi saurin cewa to. Ka ce masa: "Alhaji, na gode. Amma ga abin da nake samu yanzu, a duba a ƙara mini." In ya ce albashi ba ya ƙaruwa, ka nemi ƙarin guzuri, ko ya ɗauki abincin yaron mota.

Ka tambayi inda motar za ta riƙa zuwa. A 2023 an rufe iyakar Gaya da Benin, kaya da yawa suka bar tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso. Hanyar ta fi tsawo, ta fi haɗari, ana kwanaki ana jiran rakiyar soja. Guzurin irin wannan tafiya ba ɗaya ba ne da na zuwa Ƙonni.

5. A rubuta

Abin da kuka shirya, a sa shi a takarda: albashi, guzuri, ranar biya, hutu da Kes. Ka karanta da kanka kafin ka sa hannu, ka riƙe kofi ɗaya. Amfanin karatun yaƙi da jahilci ke nan. In rigima ta taso, ka kai takardar ofishin mai duba sha'anin ma'aikata a Doso.

6. Ka rabu da tsohon ubangida lafiya

Kada ka aje makulli sai sabon aiki ya tabbata. Mai albashin wata yana sanar da ubangida wata 1 kafin ya tafi. Ka miƙa mota da kayanta cikakku gaban shaidu, ka karɓi sauran kuɗinka da takardar shaidar aiki. Masu motoci sun san juna, kuma labarin direba yana rigan shi isa tasha.

Tambayoyi

1. A misalin da muka bayar, wane ubangida ya fi biya?
2. Mene ne amfanin Kes ga direba da iyalinsa?
3. In guzurin tafiya jika 12 ne, tafiya 5 nawa ke nan?

Ku tattauna su tare da malaminku, ku karanta wa direbobin garinku wannan darasi.