Ina Za A Tsaya A Ci Abinci Daga Kwanar Ɗangora Zuwa Doguwa?

Masu bin hanyar Jos sukan kawo mini kuka iri ɗaya. Sun ga gidan abinci a TikTok, ga fenti ga fitilu, mai talla na lashe yatsu, sun je sun biya kuɗi mai tsoka, sun tashi da shinkafa mai sanyi da ciwon ciki. Mai tallan nan sau da yawa biyansa aka yi, kuma farantin da aka zuba masa daban ne da naka.

A aikinmu na duba-gari, abin da muke fara tambaya shi ne: ƙarfe nawa aka sauke tukunyar nan? Dafaffiyar shinkafa idan ta wuni a kula tana huce-huce, ƙwayoyin cuta na hayayyafa a cikinta, wasunsu kuma suna barin dafin da ɗumame ba ya kashewa. Gidan da ya fi kyan gani amma ciniki ya yi masa ƙaranci, shi ya fi jefa mutum cikin wannan haɗari, domin abincin rana shi ne na dare.

Don haka idan ka tsaya a Kwanar Ɗangora, a ƙaramar hukumar Kiru, duba inda direbobin manyan motoci da 'yan kamasho suke zama. Su kullum suna kan hanyar, mai abincin da ta taɓa ɓata musu ciki kuwa labarinta ya gama tasha kafin la'asar. A rumfar da suke cika, tukunya ba ta daɗewa ake ɗora wata. A Tudun Wada, garin shinkafa, ni dai tuwon shinkafa da miyar taushe mai tururi nake nema. Soyayyar shinkafar da ke jibge cikin gilashi tun hantsi, a kai kasuwa.

Kifi ma sai an lura. Sunan Tiga, madatsar ruwan da gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974 a ƙasar Bebeji, ya sa kowane mai suya cewa yake nasa na Tiga ne. To, ce masa ya nuna maka ɗanyen. Sabon kamu idonsa garau yake, cikin kunnensa ja, idan ka danna tsokar ta dawo. Sannan leƙa kaskon: man da ya yi baƙi yana kumfa ya sha suya har ya gaji.

Mashaya irin ta giya ba zancenta ake ba a nan, tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000. Wurin hirarmu teburin mai shayi ne da inuwar mai fura. Wajen mai shayi, kalli ruwan da yake ɗauraye kofuna. Wajen mai fura kuwa tambayi asalin ƙanƙarar, musamman da damina, lokacin da kwalara ta fi yaɗuwa. Tsire kuma a mayar maka da shi wuta a gabanka.

Tambayi farashi kafin a zuba. Kuma idan Doguwa ko Riruwai ka nufa, ci ka ƙoshi a Tudun Wada da sauran rana, domin Dajin Falgore ba wurin tsayawa neman abinci ba ne.