Talla Halal Ce, Amma Hoto Ya Zama Na Kayanka

Ana yawan tambayata ko tallata haja a WhatsApp da Facebook ya saɓa wa tawakkali. Sam bai saɓa ba. Abdurrahman bin Auf (RA) da ya isa Madina, cewa ya yi a nuna masa kasuwa, ya fara da man shanu da cuku, Allah Ya buɗa masa.

To, mu riƙe abu uku.

Na farko, san mai sayenka. Mai ɗinka hijabin 'yan makaranta, iyaye mata zai nufa, kuma dab da komawa makaranta, ba ya riƙa watsa hoto ga kowa da kowa ba.

Na biyu, faɗi farashi ƙarara, da yawan yadi, da ranar da kaya za su iso. Ɓoye farashi yana korar mai saye.

Na uku, hoton ya zama na kayan da ke hannunka. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci, ya ji damshi a ciki, ya yi wa mai shi faɗa don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba. Gyara launin atamfa a waya har ta sauya kama, algus ne. Sa abokai su rubuta yabon ƙarya kuwa, a ganina ɗan'uwan najashi ne.

Wanda ka cuta sau ɗaya ba zai dawo ba, kuma sai ya gaya wa dangi. Wanda ka cika wa alkawari, shi ne tallar da ba ka biya ko sisi ba.

Allah Ya sanya albarka a kasuwancinmu.